Darasi na 9: Sauya Birkin Baya na A-kori-kura daga Durom zuwa Faifai

Wata rana mai mota zai shigo garejinku da a-kori-kurarsa, ya ce: "Maigida, ina so ka mai da mini birkin baya irin na gaba." Idan kuka tambaye shi dalili, amsar ba ta wuce cewa yana so mota ta riƙa tsayawa cak da an taka. Kafin ku ɗauki sifana, ya kamata ku san ko aikin da yake nema zai ba shi abin da yake so. Sau da yawa ba zai ba shi ba. Wani lokaci kuma zai ba shi, amma sai an yi aikin har ƙarshensa, domin ɗaura faifai da kalifa shi ne ɓangare mafi sauƙi. Wahalar tana wajen man birki da birkin hannu, kuma a nan wannan darasi zai fi daɗewa.

Aikin birki

Birki ba ya ɓatar da gudun mota haka kawai, juya shi yake yi ya koma zafi. Mu ɗauki a-kori-kura mai nauyin kilo 2,500 haɗe da kayanta, tana gudun kilomita 100 a awa. Idan aka tsayar da ita sau ɗaya, zafin da zai fita daga ƙafafunta huɗu ya isa ya tafasa ruwa kusan lita uku. Wannan tsayawa ɗaya ke nan, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan gudu ya ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. To ku auna direban da ya ɗauko buhunan dankali daga Filato yana saukowa Hawan Kibo, ƙafarsa a kan birki tun daga sama har ƙasa.

Durom rufaffe ne. A cikinsa akwai shu guda biyu masu lanƙwasa, da ƙaramin silinda da ke tura su waje su goge jikin durom daga ciki, da sifirin da ke jawo su baya idan an saki feda. Da yake a rufe yake, zafi ba ya samun hanyar fita da wuri. Ƙarfe kuma idan ya ɗauki zafi buɗewa yake yi, saboda haka durom mai zafi yakan ƙara faɗi ya nisanci shu, sai direba ya ji feda tana ƙara nutsewa alhali mota ba ta rage gudu yadda ya kamata. Faifai kuwa a fili yake, iska na dukansa ta ko'ina, kalifa ta rungume shi da fad biyu, ɗaya ta kowane gefe. Idan ya ɗauki zafi ya kumbura, matsowa yake yi kusa da fad. Idan aka ratsa ruwa, juyawa kaɗan zai yi ya watsar da shi, durom kuwa yakan riƙe ruwa da laka na ɗan lokaci.

Dabarun biyu sa'o'in juna ne. A shekarar 1902 Louis Renault ya fito da birkin durom a Faransa, a shekarar kuma Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila. Durom ne ya mamaye kasuwa har tsawon shekara hamsin, sai da motar Jaguar mai birkin faifai na kamfanin Dunlop ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a 1953 sannan hankali ya dawo kan faifai. A 1955 Citroën DS ta fito da shi a ƙafafun gaba.

Me ya sa har yanzu ake barin durom a baya?

Ba rowa kaɗai ke sa kamfanoni yin haka ba, ko da yake araha na ciki. Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, misali ce mai kyau. Ƙaramar motar ta fito a 1968 da faifai a ƙafafu huɗu, amma da kamfanin ya zo yin mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya, durom ya sa mata a baya. Ya san faifai sarai, ya kuma zaɓi durom. Haka Toyota ta yi shekara da shekaru tana sayar da Hilux da durom a baya.

Idan aka taka birki, nauyin mota yakan zubo gaba, shi ya sa kuke ganin hancinta ya duƙa. Ƙafafun gaba su ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin tsayawa, wani lokaci fiye da haka. A-kori-kurar da ba ta da kaya kuwa bayanta ba nauyi, tayoyin baya ba su da riƙon da za su karɓi birki mai ƙarfi. Sannan durom yana da wata baiwa: juyawarsa takan ja shu ta ƙara cusa shi a jikinsa, saboda haka da ɗan matsin mai kaɗan yake kamawa sosai. Wannan baiwar ce ta sa birkin hannu na durom ke riƙe mota mai lodi a kan gangara ba gardama.

Ga abin da ya kamata ku faɗa wa mai mota ba tare da kwana-kwana ba. A tsayawa ɗaya ta gaggawa, taya ce ke yanke hukunci. Idan durom ɗinsa yana iya kulle tayoyin baya, to ƙarfin birki ya riga ya fi ƙarfin riƙon taya, kuma faifai ba zai rage masa ko taku ɗaya ba. Ribar faifai tana fitowa ne a tsayawa ta biyar da ta goma a jere, a doguwar gangara irin ta saukowa daga Mambila, a hanyar da ake ratsa rafuka da damina, da kuma sauƙin gyara, tunda ana ganin kaurin fad ba sai an kwance komai ba, canjinsa kuma aikin 'yan mintoci ne. Wanda aikinsa ke nan, sauyin zai amfane shi. Wanda yake zirga-zirga cikin gari kuwa, a ganina kuɗinsa sun fi amfani a wajen taya mai kyau.

Yawancin motocin da ake kawowa da kukan birkin baya ba ya ci, durom ɗin ne ba a kula da shi ba. Ko shu ya cinye, ko abin da ke matso da shi ya cije da tsatsa, ko silinda na yoyo, ko sil ɗin aksul ya mutu man giya ya jiƙe shu. Ku fara gyara waɗannan, ku canja man birki, ku ba mai mota ya gwada. Idan har yanzu yana so, sai a shiga aiki.

Zaɓen kaya

Hanya biyu ake bi. Ko a sayi cikakken kayan sauyi da aka ƙera domin wannan samfurin mota, ko a haɗo kaya daga wata mota ta kamfani ɗaya mai faifai a baya, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ta farko ta fi tsada, ta kuma fi kwanciyar hankali. Ta biyu tana buƙatar awo da haƙuri.

Faifan sai ya dace da yawa da tazarar kusoshin taya. Hilux mai kusa shida, alal misali, da'irar kusoshinta milimita 139.7 ce. Ramin tsakiyar faifai shi ma sai ya zauna daidai a kan bakin aksul ba wasa. Idan faifan na hannu ne, ku duba jikinsa, akwai lambar da aka buga mai nuna iyakar sirancin da aka yarda ya kai, ku auna. Ku kuma gwada wili a kai tun kafin a yi nisa, domin wili mai inci 15 sau da yawa yakan goge kalifa, sai mai mota ya tsinci kansa da sayen sababbin wili da tayoyin da bai yi kasafinsu ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan aiki shi ne farantin da ke riƙe kalifa a jikin aksul. Duk ƙarfin da ke tsayar da ƙafar yana bi ta cikinsa ne. Ba wurin da za a tsinci guntun ƙarfe a yanka da wuta, a huda da ido, a ɗiga walda ba ne. Ya zama ƙarfe mai kauri, a yi ramukansa a kan inji, a ɗaure shi da kusoshi masu lambar 10.9 a kansu. Idan farantin ya karkace ko da kaɗan ne, fad zai riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, feda kuma ta yi laushi, ku yi ta fidda iska a banza.

Kwancewa da ɗaurawa

Ku tare tayoyin gaba, ku ɗaga baya, ku ɗora mota a kan ƙafafun ƙarfe. Jak na ɗagawa ne, ba a shiga ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita. Idan an cire durom, kada a hure ƙurar ciki da baki ko da iskar famfo, domin tsofaffin shu da wasu masu araha suna ɗauke da asbestos, mai lalata huhu a hankali. A jiƙa ta a goge da tsumma.

Cire shu da sifirin da silinda ba wani abu ba ne. Inda ake tsayawa shi ne farantin bayan durom. A yawancin ƙananan a-kori-kura, ciki har da Hilux, farantin nan a maƙale yake a bayan boris ɗin da aka danna a jikin sandar aksul. Sai an zaro sandar gaba ɗaya, an kai ta injin dannawa an fitar da boris, sannan farantin zai fita. Tunda an zo nan, a sa sabon boris da sabon sil da sabon zoben da ke riƙe boris ɗin. Wanda aka doke da guduma ya fita ba ya komawa. Ku lura kuma cewa kaurin tsohon farantin yana cikin lissafin zaman boris. Idan sabon bai kai shi kauri ba, ko ya fi shi, sandar za ta riƙa wasa ciki da waje ko ta matse, sai an cike bambancin da siraran washa na awo. Sandar da ke wasa takan tura fistan ɗin kalifa baya a duk kwana, direba ya taka birki ya ji wayam sai ya sake takawa.

Kafin a zaunar da faifai, a kankare tsatsar fuskar aksul har ta yi sumul. A ɗaure shi da noti, a juya shi da agogon awo a jikinsa. Layin da zai yi bai kamata ya kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Kalifa ta zauna a tsakiyar faifai, kuma bakin fidda iskarta ya kalli sama. Kalifar dama da ta hagu sun yi kama, ana iya musanya su a ɗaura lafiya lau, amma bakin zai koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, ba za ta taɓa fita ba. Tsohon fayif ɗin ƙarfe da ke shiga silindar durom ba a haɗa shi kai tsaye da kalifa, saboda kalifa tana motsi. Sai an sa gajeren tiyon birki a tsakani, da sababbin washa na tagulla, a kuma tabbatar ba ya gogar taya ko sifirin idan mota ta yi tsalle.

Lissafin man birki

Feda tana tura fistan a cikin masta, masta ta tura mai cikin fayif, mai ya tura fistan a ƙafa. Matsin man ɗaya ne a ko'ina cikin layin, amma ƙarfin da kowane fistan zai bayar ya danganta da faɗin fuskarsa. Fistan mai faɗin milimita 25 fuskarsa ta kai kusan murabba'in milimita 490. Mai milimita 45 kuwa tasa kusan 1,590 ce, fiye da ninki uku. Ke nan da kuka cire ƙaramin silinda kuka sa kalifa, kun canja lissafin da injiniyoyin kamfani suka yi wa motar baki ɗaya, kuma wajibi ne ku bi sawun canjin wuri uku.

Na farko masta. Idan kalifa tana shan mai fiye da abin da masta ke iya turawa a taku ɗaya, feda za ta yi nisa kafin ta kama. Maganin shi ne masta mai faɗin ciki, amma ita ma da kuɗinta, domin feda za ta yi tauri, sai an ƙara ƙarfin ƙafa kafin a samu matsin da ake samu a da. Ku duba tankin mai kuma. Yayin da fad ke cinyewa, fistan na ƙara fitowa, mai na bin bayansa yana cike gurbin. A tsofaffin masta, ɗakin da ke ciyar da durom ƙarami ne, yana iya ƙarewa kafin fad ya ƙare.

Na biyu wani ɗan bawul ne da ke cikin wasu tsofaffin motoci, galibi a bakin masta inda fayif ɗin baya ke fita. Aikinsa shi ne ya riƙe ɗan matsi, kimanin psi 10, a layin durom ko da an saki feda, don robobin silinda su zauna a buɗe. Durom bai damu ba, sifirin ɗinsa ya fi ƙarfin wannan matsi. Kalifa ba ta da irin wannan sifirin. Idan aka bar bawul ɗin, fad zai riƙa gogar faifai dare da rana, a yi tafiyar kilomita kaɗan a ji ƙauri, wili ya yi zafin da ba ya taɓuwa. A nemo shi a cire.

Na uku shi ne mai kisa, wato rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya. Dokar ita ce tayoyin gaba su riga na baya kullewa, ko yaushe. Idan gaba ya kulle, mota za ta zame ta miƙe inda ta dosa. Idan baya ya riga kullewa, tayoyin baya sun rasa riƙon gefe, bayan mota zai zagayo ya wuce gaba, a-kori-kura kuwa doguwa ce, daga nan sai wuntsilawa. Saboda haka ne aka sa wa irin su Hilux marasa ABS wani bawul a saman aksul na baya, mai doguwar sanda da ke haɗe da aksul ɗin. Idan babu kaya, jikin mota yana sama, sandar takan sa bawul ya rage matsin da ke zuwa baya. Idan an yi lodi mota ta zauna, sai ya buɗe. An saita wannan bawul ne a kan durom, mai kamawa da matsi kaɗan. Bayan sauyi yana iya tauye faifai har baya ya zama ba ya aikin komai, gaba ya ɗauki duk zafin, a koma gidan jiya ko abin da ya fi shi muni. Idan kuma kalifar da aka zaɓa ta yi girma, baya ya riƙa kullewa da an taɓa.

Wasu kan cire bawul ɗin su haɗa fayif kai tsaye, su ce birki ya ƙara ci. Ya ci kuwa, har ranar da aka yi yayyafi motar ba kaya. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Abin da ya dace shi ne a bar shi a sake saita sandarsa, ko a sa bawul mai maɓallin juyawa a layin baya a daidaita shi da gwaji. Ku tuna irin wannan bawul ragewa kawai yake yi, ba ya ƙara matsi, don haka ba zai ceci kalifar da ta yi ƙanƙanta ba. Af, ga wani abin da ya shafi ko motar da ba a taɓa birkinta ba: al'adar nan ta ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki kaya da yawa tana yaudarar bawul ɗin. Motar ba ta zama ko an cika ta, shi kuma sai ya ɗauka babu kaya, ya hana baya ƙarfi a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Motoci masu ABS kwamfuta ce ke yin wannan rabo, an kuma tsara ta ne a kan birkin da motar ta zo da shi. A irinsu kada ku yi haɗe-haɗe. In ba kayan da aka ƙera domin wannan samfurin ba ne, masu wurin zaman na'urar da ke ƙirga juyin taya, ku bar durom ɗin a inda yake.

Birkin hannu

Da kuka cire durom kun cire birkin hannu tare da shi, kuma mota ba ta fita daga gareji sai an mayar. Kalifar gaba da ake ɗebowa a sa a baya don araha ba ta da wurin waya sam. Dole a zaɓi ɗaya cikin biyu: kalifa mai ɗan hannun da waya ke ja ya turo fistan, ko faifai mai ƙaramin durom a cikin cibiyarsa da ƙananan shu na birkin hannu kaɗai. Na biyun ya fi riƙe mota mai nauyi. Idan na farkon ne, fistan ɗinsa murɗa shi ake yi ya koma ciki, ba a danna shi da ƙarfi, kuma jan birkin hannu a kai a kai yana taimaka masa ya zauna daidai. Tsohuwar waya da wuya ta yi daidai da tsawon da ake so. Dutse a bayan taya ba birkin hannu ba ne, jami'an VIO ma ba za su karɓe shi ba.

Fidda iska da gwaji

A zuba sabon mai daga rufaffiyar kwalba. DOT 3 sabo yana jure zafi har digiri 205 kafin ya tafasa, DOT 4 har 230, amma dukansu suna tsotsar laima daga iska, idan sun tsufa sai su sauko zuwa wajen 140 da 155. Man da ya tafasa tururi ne, tururi kuwa matsuwa yake yi, feda ta tafi ƙasa. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da waɗannan. Man inji ko fetur idan ya taɓa robobin birki kumbura su yake yi. Ruwan sabulun da wasu direbobi ke ɗurawa a hanya kuwa a digiri 100 yake tafasa, ya bar tsatsa a baya.

A fara da ƙafar da ta fi nisa da masta a bin fayif, a ƙare da mafi kusa. Bawul ɗin saman aksul shi ma yana da bakin fidda iska a wasu motoci, ana yawan mantawa da shi. Idan an gama, a danne feda da ƙarfi na rabin minti. In tana nutsewa a hankali, akwai yoyo ko masta ta gaji.

Gwajin farko a fili ake yinsa, inda ba mutane, mota ba kaya, a kan tsakuwa ko jar ƙasa, da gudun da bai wuce kilomita 30 ba. Mutum ɗaya ya tsaya can gefe yana kallon tayoyi, direba ya taka da ƙarfi. In baya ya riga kullewa, a rage masa matsi a sake. Sai an samu gaba yana riga sannan a ɗora kaya a maimaita. Daga nan a zaunar da sababbin fad: a kai kilomita 60, a rage zuwa 10 da matsakaicin taku ba tare da an tsaya cak ba, kamar sau takwas zuwa goma, sannan a yi tafiya ba birki su huce. A gwada birkin hannu a kan gangara da lodi, ta gaba da ta baya. Bayan kwana biyu ko uku mai mota ya dawo a sake bin kusoshin faranti da notin taya da sifanar auna ɗauri, a rubuta masa sunan motar da aka ɗauko fad da faifai daga gare ta, domin ranar da zai je saye mai shago zai ba shi na durom ne idan ya faɗi sunan motarsa kawai.

Aikin yi

1. Ku lissafa faɗin fuskar fistan mai milimita 38, ku gwada shi da na mai milimita 25. Ninki nawa ne?

2. An yi wa wata mota sauyi. Bayan tafiyar kilomita biyar wili na baya duka biyu sun yi zafi ƙwarai, alhali direba bai yi ta taka birki ba. Me za ku fara dubawa? Idan wili ɗaya ne kaɗai ya yi zafi, amsarku za ta canja?

3. Ku shiga ƙarƙashin wata a-kori-kura marar ABS da aka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe, ku nemo bawul ɗin saman aksul, ku zana shi da sandarsa. Ku ƙirga ganyen sifirin, ku tambayi mai motar ko an taɓa ƙarawa.